Takardar Lasifika Tana Numfashi Idan Na Sa Faifai: Ina Matsalar Take?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawararka a kan wani abu da ya ɗaure mini kai. Na gaji garmaho mai aiki da lantarki da tarin faya-fayai daga wurin mahaifina, na haɗa shi da amfilifaya da lasifika biyu masu rami a gaba, kuma sautin yana fita daidai gwargwado. Wata rana na cire ragar da ke rufe fuskar lasifikan don in share ƙura, sai na ga babbar takardar nan mai fitar da bes tana shiga tana fita kamar ƙirjin wanda ya sha gudu, tun allura tana gefen faifai, kafin kiɗa ya fara. Kunnena ba ya jin komai daga wannan motsi, amma idona yana ganinsa sarai, kuma idan na ƙara murya sai ya ƙaru har in ji tsoro. Idan na sa CD ko na haɗa waya, takardar ba ta yin haka. Wani ya ce amfilifaya ce ta lalace, wani ya ce in sayi filta mai tace sauti, wani kuma ya ce in ɗora tsabar kuɗi a kan allura don ta zauna daram. Wanne zan bi, kuma wannan motsi zai iya kashe mini lasifika?

Daga wani mai karatu.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin yadda ka lura da abin da kyau, domin bayanin da ka kawo ya riga ya ɗauke mana rabin aiki. Tun da CD da waya suna bi ta cikin amfilifaya ɗin nan da lasifikan nan ba tare da takardar ta yi wannan numfashi ba, to da wuya laifin ya zama nasu. Amfilifaya da ta lalace irin lalacewar da ke sako wuta tsaye zuwa lasifika takan tura takardar waje ko ta ja ta ciki da zarar an kunna ta, takardar kuma ta tsaya a nan cak, ko da me aka haɗa. Idan ka taɓa ganin haka, ka kashe ta nan take ka kai wa mai gyara, don koyil, wato naɗin wayar da ke motsa takardar, zai iya ƙonewa. Naka ba haka yake ba. Abin da kake gani sigina ce ta gaske da take fitowa daga allura, amfilifaya kuma tana yin aikinta ne kawai, tana ƙara mata ƙarfi tana miƙa wa lasifika.

Dalilin da ya sa kunne bai ji ba shi ne, kunnen ɗan Adam yana fara jin sauti ne daga wajen kaɗawa 20 a sakan ɗaya, abin da ake rubutawa 20 Hz, motsin da kake kallo kuwa yana ƙasa da haka nesa. Babban faifai yana juyi 33⅓ a minti, wato juyi ɗaya a sakan 1.8, ƙaramin kuma yana juyi 45. Faifan da ya kantare, ko da kaɗan ne, yana ɗaga allura yana sauke ta sau ɗaya ko sau da yawa a kowane juyi, kuma yawancin wannan hawa da sauka yana faɗawa ne tsakanin rabin Hz zuwa wajen 6 Hz. Zanen sautin da ke cikin layin faifai ƙanƙani ne ƙwarai, ana auna shi da ɗaya bisa dubu na milimita, tudun kantara kuwa yana iya kai milimita guda ko ya wuce. Ka ga ke nan allurar da aka ƙera don ta ji abin da ido ba ya gani ba za ta tsallake tudu irin wannan ba tare da ta kai labarinsa ba.

Sai kuma abu na biyu da ya ƙara wa borno dawaki. Lokacin da ake yanka faifai ana rage bes sosai ana ƙara siririn sauti, domin layin kada ya yi faɗi ya cinye wuri. Wurin saurare sai a juya lissafin, a mayar da bes ɗin da aka rage. Wannan tsari, wanda ake kira RIAA, ya zama ma'aunin masana'antar faifai tun 1954, kuma a ƙarƙashinsa sashen da garmaho ke shiga a jikin amfilifaya yana ɗaga sautin da ke wajen 20 Hz da kusan desibel 20 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) fiye da na 1,000 Hz, wato kusan ninki goma. Wannan ƙari ne a kan ninki ɗari da sashen yake yi wa siginar allura irin wadda aka fi amfani da ita. Duk wani motsi mai nauyin jiki da ya shigo ta allura, ko kiɗa ne ko ba kiɗa ba, yana samun wannan gata. CD ba shi da kantara, ba shi da allura, ba ya kuma bi ta wannan sashe, shi ya sa takardarka take zaune lafiya da shi.

Ramin da ka ce yana gaban lasifikanka shi ma yana da hannu. Akwatin lasifika mai rami an daidaita shi ne a kan wani mataki na bes, galibi tsakanin 30 da 50 Hz, inda iskar ramin take taya takarda aiki tana kuma riƙe ta. Ƙasa da wannan mataki iskar tana fita tana shiga ta ramin salin alin, babu abin da ke tokare takardar sai ɗan roban gefenta da zanen da ke bayanta. Akwatin da aka rufe ruf kuwa, iskar da ke ciki tana zama kamar matashi a bayan takarda. Don haka garmaho ɗaya da faifai ɗaya suna iya sa lasifika mai rami ta yi ta haki, rufaffiyar kuma da ƙyar ka ga ta motsa.

Game da ko zai yi ɓarna, ɗan motsi kaɗan a farkon faifai, inda kantara ta fi yawa, abu ne da kusan kowane garmaho yake yi, kuma ba ya hana ni barci. Wanda ya kai ka ga jin tsoro kuwa bai kamata a zuba masa ido ba. Yana cinye ƙarfin amfilifaya a kan abin da babu mai ji, yana ɗumama koyil, kuma yana fitar da koyil ɗin daga tsakiyar maganaɗisu, inda ya kamata ya zauna ya yi aiki da tsabta, sai muryar mawaƙi ta fara ɗan rawa, bes kuma ya dagule. Idan har ka ji wani ƙas-ƙas daga cikin lasifikar, koyil ne ya kai ƙarshen hanyarsa yana bugun ƙarfen baya, kuma a wannan lokaci babu abin yi sai rage murya nan take.

Yanzu ga abin da nake so ka yi kafin ka kashe ko sisi, domin motsin da kansa yana faɗin inda ya fito ga wanda ya tsaya ya kalle shi. Ka cire ragar lasifikan biyu, ka sa murya a matsakaici, ka zauna inda za ka iya ganin faifai da takardun biyu a lokaci guda. Ka zaɓi wata alama a kan tambarin tsakiyar faifan, ka lura ko takardar tana yunƙurawa ne duk lokacin da alamar ta zo wuri ɗaya. Idan haka ne, faifan ne yake ba da umarni. Sai ka durƙusa, idonka ya yi daidai da gefen farantin da ke juya faifan, ka kalli kan hannun da ke ɗauke da allura: za ka ga yana hawa yana sauka kamar kwale-kwale a kan igiyar ruwa. Daga nan ka dubi takardun biyu tare. An yanka layin sitiriyo ne da bango biyu, kowanne a karkace da digiri 45, bango ɗaya na hagu ɗaya na dama, saboda haka motsin sama da ƙasa yana fitowa a lasifikan biyu a juye, ta hagu tana fita yayin da ta dama take shiga. Idan amfilifayarka tana da maɓallin Mono, ka danna shi, za ka ga numfashin ya ragu ƙwarai, domin siginonin biyu sun kashe juna. Wannan gwaji yana burge ni, domin cikin sakan biyu yake raba gardama. Idan kuwa takardun suna fita tare suna shiga tare a hankali, hannun kuma yana lilo hagu da dama, to hudar tsakiyar faifan ce ba ta zauna a tsakiya daidai ba, kuma wannan aibi ne daga wurin bugawa.

Ka maimaita da faya-fayai uku ko huɗu, har da wanda ka ga ya fi kowanne miƙewa. Idan guda ɗaya ne ko biyu suke jawo abin, magana ta ƙare a kansu. Idan kuwa kowane faifai yana yi, kuma bayan kowane ɗan tudu takardar tana ci gaba da karkarwa da sauri kafin ta lafa, to mun iso wurin da na fi zargi, wato rashin jituwa tsakanin hannu da gidan allura, ɗan akwatin nan da ke bakin hannu wanda allura take jikinsa.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin a nan ne mutane da yawa suke ɓata kuɗi. Siririn sandan da allura take bakinsa yana zaune ne a cikin ɗan roba mai laushi, nauyin hannu da na gidan allura kuma yana kan wannan roba, kamar mota a kan sifirin. Duk nauyin da aka ɗora a kan sifirin yana da saurin lilon da ya fi so, kuma idan aka girgiza shi daidai da wannan sauri sai lilon ya wuce girgizar da aka yi masa. Idan tudu ya zo a hankali, ƙasa da wannan sauri, hannun gaba ɗaya yana bin tudun ya hau ya sauka, roban bai matsu ba, sigina kaɗan ce take fita. Idan kuwa saurin tudun ya zo kusa da saurin lilon hannun, sai hannun ya shiga tsalle a kan roban, gidan allura kuma ya ɗauki wannan tsalle a matsayin sauti. Shi ya sa masana suke son lilon ya faɗa tsakanin 8 da 12 Hz: ya ɗara yankin kantara, bai kuma kai yankin kiɗa ba.

Lissafinsa ba shi da wuya. Ka haɗa nauyin aiki na hannu, wanda kamfani yake rubutawa a littafin garmaho, da nauyin gidan allura da na kusoshinsa, duka a giram. Ka ninka jimillar da lambar laushin roba da aka rubuta a takardar gidan allura, ka fitar da tushen murabba'in abin da ka samu, sannan ka raba 159 da shi. Ga misali: hannun garmahon Technics SL-1200 yana da nauyin aiki wajen giram 12, gidan allura na Ortofon 2M Red yana da giram 7.2 da laushi 20. Da kusoshi, nauyin ya kusa giram 20. 20 sau 20 ya ba da 400, tushensa 20, kuma 159 a raba da 20 ya ba da kusan 8 Hz, wato an shiga yankin da ake so, ko da yake a bakin ƙofa. Da a ce nauyin duka ya kai giram 33, laushin kuma 25, da lissafin ya sauko wajen 5.5 Hz, tsakiyar yankin kantara, kuma babu faifan da zai tsira. Akwai tarko ɗaya da ya kamata ka sani: kamfanonin Japan irin su Audio-Technica da Denon sukan auna laushin a 100 Hz, lissafin nan kuwa yana bukatar na 10 Hz, saboda haka ana ninka lambarsu da wajen ɗaya da rabi zuwa biyu kafin a yi amfani da ita. Akwai kuma faifan gwaji da ake sayarwa, mai layukan da ke sauka mataki-mataki a wannan yanki, inda za ka ga hannun ya fara karkarwa da idonka daidai lambar da lilonsa yake.

Wannan lissafi shi ne amsar wanda ya ce ka ɗora tsabar kuɗi. Ina roƙonka kada ka yi. Ƙarin nauyi a kan hannu yana ƙara saukar da lilon zuwa yankin da muke gudu, yana danne roban har cikin gidan allura ya kusa shafar faifai, yana kuma cinye allura da layin faifan mahaifinka, wanda idan ya goge ba ya dawowa. Nauyin da allura take sauka da shi a kan faifai ana saita shi ne da ƙarfen da ke bayan hannu, a bi lambar da kamfani ya bayar, misali giram 1.8 ga 2M Red ɗin da na ambata, a kuma tabbatar da ɗan ma'auni na dijital. Idan lissafi ya nuna lilon ya yi ƙasa, magani shi ne a rage nauyin gaba, a sa kan hannu marar nauyi da kusoshin alminiyom, ko a sauya gidan allura da mai roba mai ɗan tauri. Tun da kuma garmahon gado ne, ina kyautata zaton allurar ta shekara da shekaru, roba kuwa yana sauya hali da tsufa, wani ya bushe wani ya saki, har lambar da ke takarda ta daina faɗin gaskiya a kansa. Sabuwar allura kaɗai takan gyara abin da aka daɗe ana zargin amfilifaya da shi. Wasu hannuwan suna da ɗan kwano na man silikon da ke kwantar da lilo, kamfanin Shure kuma ya riƙa sa wa wasu gidajen allurarsa, irin su M97xE, ɗan buroshi a gaba mai yin wannan aiki, kafin ya daina ƙera su a 2018. Idan naka yana da buroshin, ka sauke shi ya taɓa faifai, ka kuma bi ƙarin nauyin da littafinsa ya ce a yi saboda shi.

Saura girgizar da ke zuwa daga waje. Ka tsayar da faranti, ko ka cire bel ɗin da ke juya shi idan garmahon ba ya yarda hannu ya sauka sai yana juyi, ka sauke allura a kan faifan da yake tsaye. Hannunka yana kan maɓallin murya, ka ɗaga ta sannu a hankali zuwa inda ka saba saurare, ka ƙwanƙwasa teburin da ɗan yatsa a hankali, sannan wani ya taka ya wuce ta gabansa. Idan takardar ta zabura da kowane taku, ko wani gurnani ya fara tasowa yana ƙaruwa da kansa, ka rage murya da sauri: lasifika ce take girgiza garmaho, garmaho kuma yana mayar mata. Kada su zauna a kan tebur ɗaya, kada garmaho ya zauna a lungun ɗaki inda bes yake taruwa, kuma idan daɓen na katako ne, kanta mai ƙarfi da aka kafa a jikin bango ta fi kowane tebur. Murfin roba da aka bari a ɗage yana kama sauti, gara a cire shi gaba ɗaya lokacin saurare. Idan kuma karkarwar ƙarama ce, ba ta yankewa, kuma sai faranti yana juyi take zuwa, a duba man da ke cikin sandar tsakiyar faranti, da bel, da tayar roba a tsofaffin garmaho masu ita.

Filta kuma fa? Ba na cikin masu ganin sa ta abin kunya ne. Ka duba fuskar amfilifayarka, wataƙila akwai maɓallin da aka rubuta Subsonic a kansa, wanda aikinsa ke nan. A 1976 hukumar IEC, mai tsara ma'aunan kayan lantarki na duniya, ta ƙara wa tsarin RIAA wani ragi da ke farawa a 20 Hz saboda wannan matsala, amma ragin mai sanyi ne, desibel 6 duk lokacin da saurin kaɗawa ya ragu da rabi, don haka a 5 Hz wajen desibel 12 ne kawai, kuma yana ɗan taɓa bes ɗin da ake ji. Filta mai yanke desibel 18 a kowane rabi, wadda ta fara daga 20 Hz ko ƙasa kaɗan, tana rage 5 Hz da wajen desibel 36, ta bar kiɗa kusan yadda yake, kuma ana sa ta ne bayan sashen garmaho, ba tsakanin allura da shi ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, filta tana kare lasifika da amfilifaya ne kawai. Idan hannu yana tsalle a 5 Hz, zai ci gaba da tsallensa a kan faifai, nauyin allura yana ƙaruwa yana raguwa, sautin yana rawa, kai dai ka daina gani ne. Saboda haka ka fara da allura da lissafin hannu da mazaunin garmaho, sannan ka danna filta don ta share ragowar da kantara ta bari.

Tambaya:

Malam, barka da aiki. Ni ma lasifikana masu rami ne, kuma da na cusa soso a ramin sai motsin takardar ya ragu sosai. Ko in bar su haka? Sannan akwai faifai biyu da suka kantare, an ce in matse su tsakanin gilashi biyu in shanya a rana.

Daga wata mai karatu.

Amsa:

Barka kadai, Malama. Soson ba zai cutar da komai ba, har wasu kamfanoni suna haɗo shi a cikin kwalin lasifika. Kin mayar da akwatin kusan rufaffe ne, iskar ciki ta samu damar riƙe takardar, amma za ki ji bes ya ɗan ragu, kuma amfilifaya tana nan tana aika siginar kamar da, koyil yana shan ɗuminta. Idan sautin ya yi miki, ki bar shi, sai dai ki bi gwaje-gwajen da na zayyana a sama don ki san tushen abin.

Shanya a rana kuwa ban ba ki shawararsa ba. Robar faifai tana saki da zafin da bai kai yadda ake zato ba, kuma rana ba ta da maɓallin saitawa, sai faifan ya miƙe a ido amma layukansa sun gurɓace, ya dawo yana kuka a kowane juyi. Akwai na'urorin da aka ƙera don wannan aiki, masu ɗumamawa a hankali su huce a hankali cikin sa'o'i, su ne suka fi aminci ga faifan da yake da daraja a wurinki. Wanda ya lotsa kamar kwano, maƙalin da ake ɗaurawa a sandar tsakiya yakan kwantar da shi a fuska ɗaya, ɗaya fuskar kuma gefenta ne yake tashi, sai zoben da ake ɗorawa a bakin faifai. Sauran faya-fayanki ki jera su a tsaye cikin rigunansu, kada su jingina a karkace, kada a ɗora wani a kan wani, nesa da taga da kuma saman amfilifaya inda zafi yake fita.